Harbin saiti a matsayin wasa: Damagaram za ta iya ɗaukarsa?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. A ganina lokaci ya yi da matasan Damagaram za su nemi izinin hukuma a kafa kulob na harbin saiti, wato wasan da mutum ke tsayawa a killataccen fage ya auna allo mai zobba, a ƙirga masa maki. Yana cikin wasannin Olamfik tun na farko da aka yi a Atina a 1896, kuma hukumarsa ta duniya, ISSF, tana Munik a Jamus. Nijar lambobin Olamfik biyu gare ta: tagullar Issaka Dabore a damben zamani a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a tekwando a 2016. Duka biyun wasannin mutum ɗaya ne, ba sa buƙatar katafaren fili. Harbi ma haka yake. Me kuka gani?

Maman 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bindiga fa ka ce. A wannan zamanin? Difa na gabas da mu, Maraɗi na yamma da mu, kowa ya san abin da bindiga ta yi wa mutanen can. Mu iyaye kullum addu'armu yaro ya girma bai taɓa riƙe ta ba, kai kuma kana cewa a buɗe masa wurin koyo. Ni dai a'a.

Ɗan Kabu-kabu:
Gaskiyar Mama ce. Yaran fale, wato gungun matasa 'yan daba, da adda da gora kaɗai suka hana unguwanni barci a shekarun baya. To ina ga an koya masu saiti?

Ɗan Birni:
Mama, tsoronki na kan hanya, ba ni da ja a kansa. Amma bari in fayyace irin bindigar da nake nufi. Wasan kashi-kashi ne. Akwai na mita 10, wanda ake yi da bindigar iska, doguwa ko ƙarama ta hannu. Babu albarushi a cikinta ko kaɗan, matsattsiyar iska ce ke tura 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Akwai na mita 25 da ƙaramar bindiga, akwai na mita 50 da doguwa mai ƙaramin harsashi, inda ake harbi a durƙushe, a kwance, sannan a tsaye. Ni na mita 10 nake kira a fara da shi, a cikin ɗaki rufaffe, bindigogin kuma su kwana a ma'ajiyar hukuma, kada kowa ya kai gida.

Maman 'Yan Biyu:
Wanda ya iya ƙarama ai babbar ba za ta gagare shi ba.

Tsohon Soja:
Ku ba ni dama in sa baki, don wannan aikina ne tun ina saurayi har furfura ta fito. Hajiya, abin da zan faɗa zai ba ki mamaki: ɗan ta'adda ba saiti ya iya ba. Kalashnikof an ƙera ta ne yadda wanda bai je lakwal ba zai koyi harba ta a wuni guda, shi ya sa ta cika daji. Masu ɓarnar nan ba wanda ya koya masu a fage. Abin da fage ke koyarwa shi ne ainihin abin da su ba su da shi, wato tsoron bindiga da ladabin riƙe ta.

Dokoki huɗu ne, duk inda ka je duniya su za ka tarar. Kowace bindiga ka ɗauka akwai harsashi a ciki, ko da kai ka zazzage ta da hannunka. Bakinta ba ya kallon abin da ba ka yi niyyar harbi ba. Yatsa ba ya hawa kunama sai ka gama auna allo. Sannan ka san abin da kake harbi, ka san abin da ke bayansa. A bariki in ƙurtu ya juyo da bakin bindiga wajen 'yan'uwansa, ko babu komai a ciki, ranar ba zai manta da ita ba.

Amma kai ma Ɗan Birni kada ka ɗauka na goyi bayanka ɗari bisa ɗari. In maganar iska ce, to. In ta kai ga mai harsashi, ina da sharuɗɗa masu yawa, zan zo kansu.

Ɗan Birni:
Na gode Baba. Ina saurare.

Malam na Garin Malam:
Bismillah. Tunda an taɓo ladabi, bari a ji ta ɓangaren addini, don kada wani ya ɗauka harbi baƙon abu ne da Turawa suka kawo. A Sahihu Muslim, Uƙbatu ɗan Amir ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya karanta ayar tanadin ƙarfi a kan mumbari, ya ce ƙarfi shi ne harbi, har sau uku. Harbi na cikin abubuwa uku da aka yarda a sa kyautar gasa a kansu, tare da tseren raƙuma da na dawaki. To amma shari'ar da ta kwaɗaitar ita ce ta gindaya iyaka. Bukhari da Muslim sun kawo hanin nuna ɗan'uwa da makami, domin mutum bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. An umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu. An kuma hana a ɗaure abu mai rai a mai da shi abin gwada saiti. Abdullahi ɗan Umar ya tarar da samari sun ɗaure tsuntsu suna harbi, ya yi masu faɗa mai tsanani. Hanin nuna makamin nan, dokar Baba Soja ta biyu ke nan, tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce.

Sai dai akwai ƙa'idar da malamai suka yi ittifaƙi a kanta: kawar da ɓarna shi ake gabatarwa a kan jawo amfani. Halaccin abu daban, dacewarsa da lokaci da wuri daban. Wannan na biyun hukuma ce ke da hurumin aunawa, don haka duk wanda ya ce zai yi ba da izininta ba, ba da yawun addini ya yi ba.

Ɗan Birni:
Allah gafarta Malam, maganar tsuntsun nan ta tuna mini wani abu. A wasannin Faris na 1900 tantabaru masu rai aka saki aka harba, daga baya duniya ta ƙyamaci abin aka koma faifan yumɓu da na'ura ke cillawa sama. Abin da aka hana mu tun farko, su sai daga baya suka gano.

Malamar Lakwal:
Yaya Ɗan Birni, ka taɓa shiga irin wurin da kanka, ko a waya ka gani? Ina tambaya ne don in fahimci yadda abin yake a zahiri.

Ɗan Birni:
Na shiga, Malama, lokacin da nake karatu a Turkiyya. Tun a ƙofa ake karɓar takardar shaidarka a rubuta. Ba ka taɓa komai sai mai kula da fage ya zaunar da kai ya karanta maka dokoki. A ɓangaren iska, kowace bindiga da ke kan tebur akwai wani zare mai launi da aka zura ta cikin bututunta ya leƙo ta baki, don kowa ya gani daga nesa cewa babu komai a ciki. Ba ka cire shi sai an ba da umarni. In aka ce a tsaya, ko ka gama auna sauran latsawa, sai ka sauke.

Abin da ya fi ba ni mamaki shirun wurin. Mutane a jere, ba mai magana, sai ɗan "tas" nan da can. Da na ɗaga ƙaramar bindigar da hannu ɗaya, don haka dokar wasan ta ce, sai na ga bakinta na yawo a kan allo, ni kuwa a zatona hannuna a tsaye yake cak. Mai koyarwa ya ce in daina kallon allon, in kafa ido a kan ɗan tsinin saitin da ke gaban bindigar, in saki rabin numfashi in riƙe sauran, in riƙa matsa kunama a hankali har harbin ya fita ban san lokacin ba. Duk wanda ya fizgi kunama ya zubar. A doguwar bindigar iska, tsakiyar allon da ke ba da maki 10 ɗigo ne na rabin milimita, bai kai ƙwayar gero ba, kuma daga mita 10 za ka same shi, harbi 60 cikin awa ɗaya da kwata. Manyan gwanaye har bugun zuciyarsu suke saurare su saki harbi a tsakanin bugu biyu. Mai fushi ko mai gaggawa ba ya cin komai a wurin nan. Wannan ne ya sa nake ganin yaranmu na buƙatarsa.

Majo:
A nan zan shigo a matsayina na ma'aikacin lafiya. Batun bugun zuciya gaskiya ne, har ya sa aka haramta wa maharba magungunan da ke rage shi. A Olamfik na Bejin a 2008 an ƙwace lambobi biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa saboda an sami propranolol a jikinsa. Ta wannan fuskar wasan na da amfani gare mu, don yaron da ke shan tramol ko ya kwana yana shan shayi mai kauri a fadar matasa, hannunsa zai tona masa asiri a gaban allo.

Amma akwai illa biyu da masu sha'awa ba sa son faɗa. Ta farko kunne. Ƙarar da ta wuce desibel 85 in aka daɗe a cikinta tana cin ji, harbin bindiga mai harsashi kuwa yana kai 140 zuwa sama da 160, wanda sau ɗaya ma na iya yin lahanin da ba ya warkewa. Ku tambayi tsofaffin sojoji nawa ne ke fama da ƙugi a kunne. Ta biyu dalma. Ƙwayar bindigar iska ma dalma ce, tana farfashewa in ta bugi ƙarfen da ke tare ta, ƙurarta ta kwanta a ƙasa da hannu. Dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yara, kowa ya ji abin da ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010. In za a yi, dole ɗaki mai fitar da iska, ba ci ba sha a ciki, a wanke hannu da sabulu kafin a fita, kuma ba a share wurin da tsintsiya a tayar da ƙura, sai da jiƙaƙƙen tsumma. Mace mai ciki kada ta shiga.

Tsohon Soja:
Majo ya faɗi gaskiya, kunnena na hagu shaida ne.

Ga sharuɗɗan da na ce. Mutane na ganin fili ya yi yawa a bayan gari, sai a kafa gwangwani a yi ta harbi. Wannan shi ne hanyar kashe bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Ɗan ƙaramin harsashin da ake wasan mita 50 da shi yana iya tafiya fiye da kilomita ɗaya da rabi in ya wuce allo. Na Kalashnikof ya fi kilomita 2. Dajinmu kuma ba kango ba ne: ga makiyayi, ga mai itace, ga yarinya mai tallar nono. Sannan ku dubi duwatsun da suka kewaye Birni, tsohuwar unguwar garin nan. Harsashi in ya bugi dutse ba ya tsayawa, kaucewa yake ya nufi inda ba wanda ya auna. Fage na gaskiya sai da tudun yashi mai tsawo a bayan alluna, wanda aka tace ba tsakuwa a ciki, da tudu a gefe da gefe, da jar tuta a sama ranar harbi, da mutum ɗaya tak mai ba da umarni. A ƙirga harsashi wajen shiga, a ƙirga kwanso wajen fita. In ɗaya ya ɓace ba mai tafiya gida. Wa zai iya wannan in ba soja ko jandarma ba? Shi ya sa na ce mai harsashi a bar ta tukuna.

Jikan 'Yan Bindiga:
Ina ta karatu ina jin yadda ake magana kamar Damagaram ba ta san bindiga ba sai yau. Sarki Tanimun, wanda ya gina ganuwar Birni ya kuma yi mulki har 1884, rundunarsa da bindigogi aka san ta, har igwa aka ƙera masa a cikin garin nan. Gidanmu 'yan bindigar fada ne. Ranar hawan salla mu ke gaba, mu ɗura albarushi mu danna da tsumma mu harba sama, ba ƙwaya a ciki, ƙara ce da hayaƙi kawai. Kuma mu ma da ladabinmu: yaro ba ya ɗurawa sai ya shekara yana ɗaukar wa babba jaka, ba a ɗura wa bindiga mai zafi, ba a leƙa bakin wadda ta ƙi tashi. Wanda ya ƙetare waɗannan, yatsunsa ne ke biya. To in za a kafa wani abu, kada a tsallake fada da mu da maharba a je a kwaso tsarin Turawa kaɗai.

Ɗan Birni:
Wallahi Yaya ban yi tunanin tsallake ku ba. Da za a samu, ku ne ma ya kamata ku fara zama masu kula da fage.

Ɗan Kabu-kabu:
To duk na ji. Nawa ne kuɗin abin? Don mu nan in an ce wasa, ƙwallo ɗaya yara ashirin. Kokowa kuwa ko takalmi ba ta so.

Ɗan Birni:
Ba zan ɓoye maka ba, ta gasa tana da tsada. Irin waɗanda Feinwerkbau da Walther da Anschütz na Jamus ko Steyr na Ostiriya ke ƙerawa, guda ɗaya ta haura miliyan na sefa, ban da riga da wandon musamman masu tauri da masu doguwar bindiga ke sawa. Amma ta koyo ba ta kai nan ba, kuma kulob ke saye, mutane da yawa su yi amfani da guda. Ƙwayar tana zuwa 500 a gwangwani, allon kuma takarda ce. Ƙaramar bindiga ba ta buƙatar wata riga. Kun tuna Yusuf Dikec na Turkiyya a wasannin Faris na 2024, wanda hotonsa ya zagaye duniya? Tsohon jandarma ne, shekararsa 51 a lokacin, da 'yar shat da tabarau na yau da kullum, hannu ɗaya a aljihu, ya ci azurfa shi da abokiyar wasansa.

Ɗan Kabu-kabu:
Ko ta koyon ce, kuɗin babur ne a wurina. Ina tsoron abin ya zama na 'ya'yan manya, mu mu tsaya a taga. In kuɗin gwamnati ne kuwa, garin da ake layin jarka a famfo lokacin zafi, ruwa ya fi.

Malamar Lakwal:
Wannan maganar taka ita ta fi kowace nauyi a wurina, ƙanena, kuma ban ga wanda ya amsa ta ba tukuna. Amma ni akwai abin da ya ja hankalina. Wasanni nawa ne yarinya za ta yi da hijabinta, a cikin ɗaki, ba gudu ba cuɗanya? A Basalona a 1992, wata 'yar Sin, Zhang Shan, ta doke maza ta ci zinare a harbin faifai, lokacin ana haɗa maza da mata. Manu Bhaker ta Indiya lambobi biyu ta ɗauko a 2024. Avani Lekhara a kan keken guragu take harbi, ta ci zinare a wasannin naƙasassu na Tokiyo da na Faris. Ɗalibaina mata da zarar sun kai aji na sama sai su daina duk wani wasa. Ina da wata mai natsuwar da in tana zare allura ko ƙiftawa ba ta yi. Irinta nake tunani.

Maman 'Yan Biyu:
Malama, ke ma? To ni ku ji. Ƙanin maigidana a wajen biki aka rasa shi, wani ya harba sama don murna, abin ya dawo. Wanda ya yi harbin ma'aikaci ne, an horar da shi, ya san dokokin nan huɗu da Baba ya lissafa. Sani bai hana shi ba. Shi ya sa duk bayanin nan ina jinsa, amma zuciyata ba ta karɓa ba.

Tsohon Soja:
Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya ba ku haƙuri. Ba ni da abin da zan kare wanda ya yi wannan da shi. Harsashin da aka harba sama dole ya sauko, kuma da ƙarfin da zai fasa kai yake saukowa. Wanda ya yi haka ya ci amanar horon da aka ba shi.

Malam na Garin Malam:
Allah ya gafarta masa. Maganar Hajiya ita ce irin ɓarnar da na ce sai an auna.

Mai Nazari daga Jami'a:
Allah ya jiƙan mamaci. Ina so in ƙara abu ɗaya game da doka, don kada zance ya tafi a iska. A Nijar farar hula ba ya mallakar bindiga sai da izinin ma'aikatar cikin gida. Tun 1994 ƙasar ke da hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 aka ƙona makamai a Agadas a bikin wutar zaman lafiya bayan tawaye. Ƙasar da ta sha wannan wahala wajen raba mutane da bindiga ba za ta yi saurin sa hannu a kan kulob ba, kuma tana da hujja. Ko bindigar iska ce, kada wani ya yi odarta daga waje ko ya saye ta a kan iyaka yana cewa ai ta wasa ce. Daga nesa jami'in tsaro ba zai bambance ta da ta gaske ba. Hanyar ita ce a rubuta ƙungiya, a yi mata rajista, a bi ta ofishin wasanni na jiha da gwamna, a nemi jami'an tsaro su riƙe makullin ma'ajiya. Masar ta karɓi gasar duniya ta harbin doguwa da ƙaramar bindiga a Alƙahira a 2022, don haka akwai inda za a nemi masu horarwa a nahiyar nan ba sai an je Turai ba.

Maharbin Tanut:
Ni ban iya dogon rubutu ba. Kafin bindiga da baka muke harbi, kuma har yau akwai tsofaffin da ke sassaƙa shi. Shi ma na ji yana cikin Olamfik. Ba ƙara, ba dalma, ba mai tsorata in ya gan ka da shi. Numfashin da kuke faɗa da natsuwar duk iri ɗaya ne. Me zai hana a fara da kwari da baka, in hukuma ta ga tsarinku shekara ɗaya ko biyu, sannan ku nemi ta iskar?

Maman 'Yan Biyu:
Baka kam zan bar nawa su je, in har Baba Soja ne zai tsaya a kansu.

Ɗan Birni:
Baba Maharbi, ba wasa ɗaya ba ne, hukumominsu ma daban, kuma ni har yanzu ta mita 10 ɗin ce a raina, ba zan fasa neman ta ba. Amma in baka ne zai sa iyaye irin Mama su yarda su leƙo su ga yadda ake tsayawa a layi ana jiran umarni, na amince a fara da shi. Tambayar Ɗan Kabu-kabu ta kuɗi tana nan, sai mun zauna mun yi lissafi na gaskiya, kuma ina so ya zo da kansa. Baba Soja, za ka iya rubuta mana dokokin fage da Hausa? Mai Nazari, kai kuma takardun rajistar ƙungiya.

Tsohon Soja:
Zan rubuta. Kibiya ma tana kisa, don haka tudun yashin nan da jar tuta suna nan ba ragi. Ku nemo fili mai katanga, in je in duba abin da ke bayansa kafin a yi maganar komai. Juma'a bayan la'asar ina gida.